Inda Ɗaliban Su Fada Ke Addu'a a Tamale, da Abin da Ya Kamata Makiyayi da Ɗan Kasuwa Su Sani

    

Yau zan ɗauke ku zuwa wani wuri da yawancinku kun sha wucewa ta bakinsa, amma ba ku taɓa leƙawa ba. Ina nufin makarantun da ake horar da limaman Kirista a Tamale, waɗanda ake kira seminari, da wuraren addu'ar da ke cikinsu. Na san wani zai ce, Malam, mu da muke neman ciyawa da ruwa, ina ruwanmu da ɗakin addu'ar su Fada? To ku ba ni aron kunnuwanku, ku ji dalili.

Shekarun baya, a wani gari na arewacin Gana da ba zan kama sunansa ba, an taɓa kirana sulhu. Lokacin bazara ne, ƙasa ta yi fari fat. Wani yaro ɗan shekara goma sha uku ya bi shanun ubansa har suka shiga filin mishan ta baya, inda babu shinge. Ya tarar da inuwa mai sanyi, da wasu duwatsu da aka gina kamar kogo, a ciki ga mutum-mutumin wata mace da farar riga da shuɗiyar ɗamara. Yaro ya jingina sandarsa, ya kwanta, barci ya kwashe shi. Shanu suka cinye furannin da aka dasa, wata saniya ta je sosa jiki da ginin, ta ture mutum-mutumin, hannu ya karye. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa Fulani sun zo sun karya Maryamu. Matasa suka taru da sanduna. Allah ya sa Fadan da ke wurin dattijo ne. Ya zaunar da yaron, ya ba shi ruwa, ya ce mini in tambaye shi me ya ɗauki wurin. Yaro yana kuka ya ce shi dai ya zaci wurin hutawa ne. Uban ya sayar da tumaki biyu aka yi gyara, magana ta mutu. Amma har yau in na tuna, sai in ce da a wannan zamanin ne abin ya faru, zamanin da hoto ke zaga duniya ta waya kafin a sha ruwa, Allah kaɗai ya san inda zai tsaya. Rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa muka kawo wannan zance.

Mu fara da mene ne seminari. Makarantar kwana ce inda saurayin da ke son zama Fada a ɗariƙar Katolika yake zama shekara da shekaru, yana karatu yana ibada, ana lura da halinsa. Bayan sakandare, hanyar takan ɗauki shekara takwas, wani lokaci fiye. Akwai shekarun falsafa, akwai shekara huɗu na ilimin addininsu, akwai lokacin da ake tura shi wani coci a ƙauye ya ga yadda aikin yake. In ya kai ƙarshe sai a naɗa shi dikon, daga nan Fada, kuma ba ya aure har mutuwa. Wannan tsari tsoho ne. A 1563 wani babban taron shugabannin Katolika da aka yi a garin Trent, a Italiya ta yanzu, ya umarci a riƙa kafa irin waɗannan makarantu. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan aikin a lokacin shi ne Charles Borromeo, babban bishop na Milan, kuma sunansa ne ƙaramar seminarin Tamale take ɗauke da shi, wato St. Charles, wadda aka buɗe a 1953 don yara 'yan sakandare.

Babbar kuwa ita ce St. Victor's, wajen Malshegu, a hanyar Kumbungu. Ba a Tamale aka fara ta ba. An kafa ta a 1946 a Wiaga, ƙasar Bulsa kusa da Sandema, sai a 1953 aka dawo da ita Tamale. Daga baya aka ƙara wata mai suna St. Augustine don masu karatun falsafa. Ɗalibansu suna fitowa ne daga yankunan bishop biyar na arewacin Gana: Tamale, Wa, Navrongo da Bolgatanga a haɗe, Damongo, da Yendi.

Ku 'yan bakin iyaka, ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Katolika ba daga bakin teku ta shigo arewacin Gana ba. Ta hanyar da shanunku ke bi ta shigo. A Afrilun 1906 wasu 'yan mishan uku suka taso daga Wagadugu suka sauka a Navrongo. Ƙungiyarsu wani Kadinal Bafaranshe mai suna Lavigerie ne ya kafa ta a Aljeriya a 1868, kuma ya sa su saka farar doguwar riga da alkyabba irin ta Larabawan can, da carbi a wuya. Shi ya sa ake ce musu Fararen Fada, don rigar, ba don fatar ba. A Navrongo suka gina coci na laka, aka kammala babban a 1920, kuma yana nan tsaye har yau, matan yankin sun yi wa bangonsa zane irin na gidajensu. A 2006 Fafaroma ya ɗaga darajarsa zuwa basilika. Tamale kuwa sai a 1946 suka buɗe mishan a cikinta, shekara arba'in bayan Navrongo. Dalili a fili yake: garin Dagomba ne, Musulunci ya daɗe da kafuwa, kakanninmu fatake sun daɗe suna ratsa ƙasar zuwa Salaga neman goro. Har gobe kusan mutum tara cikin goma a Tamale Musulmi ne. Ke nan makarantar da ke fitar da limaman Katolika na arewa tana zaune ne a tsakiyar masu salla, ɗalibanta suna jin kiran asuba daga masallatan maƙwabta kafin nasu ya fara.

To yanzu mu shiga ciki. Abin da zan bayyana shi ne abin da za ka tarar a irin wannan makaranta ta Katolika ko'ina take, a Tamale ne, ko Kaduna, ko Wagadugu.

Na farko shi ne babban ɗakin addu'a, wanda shi ne zuciyar wurin. A bakin ƙofa akan ajiye ɗan ruwa a wani mazubi. Ba na sha ba ne, ba kuma na wanke hannu ba. Mai shiga yakan tsoma yatsa ya shafa a goshi da ƙirji da kafaɗu, ya yi alamar gicciye. A ciki akwai bencina a jere da wurin durƙusawa. A gaba akwai tebur babba, shi ne bagadi, inda Fada ke tsayawa ya yi babbar ibadarsu da ake kira Misa. Gefe guda ga mumbarin karatu. Sama da bagadin ga gicciye. Amma abin da ya fi komai girma a wurinsu ɗan ƙaramin akwati ne na ƙarfe mai makulli, kusa da shi fitila tana ci dare da rana, yawanci ja. A cikin akwatin ake ajiye gurasar da aka tsarkake a Misa, wadda a imaninsu jikin Yesu Almasihu ne. In ka ga ɗalibi ya shigo ya kai gwiwa ɗaya ƙasa kafin ya zauna, wannan akwati yake girmamawa. Mu ba mu yarda da haka ba, su ma sun san ba mu yarda ba. Amma ka sani, taɓa wannan akwati a wurin Bakatolike ya fi ƙona ginin duka zafi.

Akwai bambancin ladabi da ya kamata ku riƙe. Mu in za mu shiga masallaci takalmi muke cirewa mu bar hula. Su kuwa namiji hula yake cirewa ya bar takalmi. Ba su da alƙibla guda da dole a fuskanta. Kuma in aka gayyace ka jana'iza ko bikin naɗin Fada, kamar yadda kan faru da 'yan kasuwa masu abokan hulɗa Kiristoci, ka ga mutane sun tashi sun yi layi ana ba su 'yar farar gurasa, to kai ka zauna a wurinka. Ba rabon abinci ake yi ba, na 'yan Katolika ne kaɗai, kuma babu wanda zai ga laifinka don ka zauna.

Sau nawa suke shiga wannan ɗaki a yini? Da sassafe akwai addu'ar safe da Misa. Da yamma akwai addu'ar maraice. Kafin kwanciya akwai ta dare, bayanta kuma sai shiru har gari ya waye. Yawancin abin da suke karantawa daga Zabura ne, mai waƙoƙi 150, suna rera su ɓangare biyu, na dama su ɗauka na hagu su amsa. A wurare da yawa ana kaɗa ƙararrawa da ƙarfe shida na safe, da sha biyun rana, da shida na yamma, uku-uku sau uku, don tuna lokacin da mala'ika ya zo wa Maryamu da albishir. In kana kusa ka ji wannan kaɗi, ba gangamin tashin hankali ba ne, kiran addu'a ne.

Na biyu shi ne ƙaramin ɗakin shiru. Ɗaki ne da bai fi ɗaukar mutane kaɗan ba, inda ɗalibi ke zuwa shi kaɗai ya zauna awa guda bai ce uffan ba. Wanda ya san itikafi da halwa ba zai yi mamakin wannan ba. Saurayin da zai bar aure da haihuwa da gadon gonar ubansa yana da abin tunani, kuma ba kowa ke kai wa ƙarshe ba. Wasu a irin wannan ɗaki suke yanke shawarar komawa gida.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne kogon Maryamu, irin wanda yaron nan ya kwanta a gindinsa. A waje yake, a fili, sau da yawa can gefen filin inda akwai itatuwa. Asalinsa daga garin Lourdes ne a kudancin Faransa, inda a 1858 wata yarinya mai suna Bernadette ta ce Maryamu ta bayyana gare ta a bakin wani kogo. Yarinyar nan, ku ji, ta yi kiwon tumaki. Tun daga nan Katolika a duniya suke gina kwaikwayon kogon da duwatsu. A nan suke jan carbinsu, mai gida biyar, kowane gida ƙwaya goma. Watan Mayu da watan Oktoba su ne watannin da suka fi taruwa a wurin. Furanni da kyandir da bencin da ka gani duk na ibada ne.

Na huɗu shi ne Hanyar Gicciye. Alamomi ne goma sha huɗu, wani lokaci hotuna a bangon ɗakin addu'a, wani lokaci kuma ƙananan gicciye ko ginshiƙai da aka kakkafa a waje, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tsayawa ana addu'a. Makiyayin da bai sani ba zai ɗauka turakun iyakar gona ne, har ya ɗaure ɗan maraƙi a jiki. An fi bin wannan hanya ranakun Juma'a na azuminsu na kwana arba'in, wanda ke ƙarewa da Ista. Ista kuwa tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ku duba lissafi: daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, tafkuna suka ƙafe, shanu ke kutsa kai duk inda suka hango kore, daidai lokacin ne su kuma suka fi fitowa addu'a a waje. Nan hatsarin yake.

Na biyar, a wasu wuraren akwai maƙabartar su Fada a cikin filin ko kusa da shi. Wannan ba sai na yi dogon bayani ba. Kowa ya san yadda zai ji in ya ga kofato a kan kabarin ubansa.

Wanda ya wuce kusa ranar Lahadi zai iya jin waƙa da kiɗa, har da ganga da wani abin kiɗa na katako da ƙwarya da Dagaba ke kira gyil. Da ba haka abin yake ba. Da Latin ake yin Misa, harshen da ko masu zuwa cocin ba sa ji. Cikin waɗanda suka sauya wannan akwai Peter Poreku Dery, ɗan ƙasar Nandom, wanda aka haifa a 1918, ya yi karatu a St. Victor's tun tana Wiaga, ya zama Fada a 1951. A 1960 aka naɗa shi bishop na Wa, ya nemi izinin Fafaroma a yi ibada da harshen mutanensa da kiɗansu. Ya dawo Tamale a 1974, ya zama babban bishop ɗinta na farko a 1977, aka ba shi Kadinal a 2006, ya rasu a 2008. Yau a ɗakin addu'ar seminari za ka ji Turanci, ka ji harsunan arewa iri-iri, domin ɗaliban Dagaba ne da Frafra da Kasena da Bulsa da Kusasi da Konkomba da sauransu.

Ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. Waɗannan samari da ke durƙushe a can ba a Tamale za su tabbata ba. Gobe su ne su Fada a Bawku, da Hamile, da Tumu, da Saboba, da Bole, da ƙauyukan da ke kan hanyar shanunku. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, wasunsu sun bi shanu da awaki suna yara. Ranar da saniyarka ta shiga gonar doya a ƙauyen da Kiristoci ke da yawa, cikin waɗanda za a saurari maganarsu akwai Fada. Zai iya kwantar da wuta, kamar dattijon da na ba ku labari, zai iya kuma yin shiru. Abin da ya gani daga makiyaya a shekarun da ya yi a seminari yana cikin abin da zai tafi da shi. In abin da ya riƙe shi ne Bafulatanin da ya yi sallama a ƙofa ya nemi izini, to alheri ka shuka wa 'ya'yanka a garin da ba ka ma taɓa zuwa ba.

Sannan dole mu faɗi gaskiya game da tsoron da ake ciki. A 12 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka shiga cocin Katolika na Dablo a Burkina Faso ana cikin Misa, suka kashe mutum shida har da Fada. Makonni kaɗan bayan haka aka kama wani mutum da bindiga a cocin Katolika na Hamile, nan bakin iyakar Gana. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga seminarin Good Shepherd a Kaduna, aka kashe ɗaya, Michael Nnadi, ɗan shekara 18. A Fabrairun 2022 aka kai hari ƙaramar seminarin Bougui kusa da Fada N'Gurma, aka ƙona ɗakunan kwana. A 25 ga Fabrairu 2024 aka kashe mutum 15 a cocin Essakane, kuma a wannan rana ɗin aka kashe masallata da yawa a masallacin Natiaboani. Ka ga masu wannan aiki ba su bar coci ba, ba su bar masallaci ba, kuma ku makiyaya kun fi kowa sanin yawan shanu da rayukan da suka raba ku da su. Amma mai gadi a ƙofar seminari ya ji waɗannan labarai, kuma tun 2022 gwamnatin Gana ke kira ga jama'a cewa wanda ya ga abin da bai gane ba ya sanar da hukuma. Baƙon fuska mai rawani da sanda, yana zagaya bayan ɗakin addu'a da magariba don neman ɓatacciyar saniya, ba zai sami wanda zai tsaya jin bayaninsa ba. Wannan zalunci ne a kan mai gaskiya, na yarda. Amma gara ka san halin da ake ciki ka kare kanka.

To me za a yi? Kai makiyayi, ka gaya wa yaranka tun a ruga abin da kogon duwatsu yake da abin da ƙananan gicciyen nan suke. Ka kwatanta musu da baki, in kana da hoto a waya ka nuna musu. Rashin shinge ba ya nufin fili ba shi da mai shi. In dabba ta ɓace ta shiga, kada ka bi ta baya. Ka zo ta ƙofa da rana, ka yi sallama, ka gaida mai gadi, in da hali da Dagbanci, dasiba da safe, antire da rana, ka ce a kai ka wurin Fada mai kula da dukiyar makaranta. Baƙo ba sallama mugu ne, haka kakanninmu suka ce. In ɓarna ta riga ta faru, kai ka riga kai labari, ka tafi da Arɗo ko mai gidanka na kara, kafin wani ya kai. Kuma don Allah a kiyaye wuta. Wanda ke ƙona daji da hunturu don sabuwar ciyawa ta tsiro, ya sani iska ba ta san iyakar filin mishan ba, kuma itatuwan da aka yi shekara hamsin ana reno dare ɗaya ya ishe su.

Kai kuma ɗan kasuwa, makarantar kwana baki ne mai ci kullum. Suna sayen masara da shinkafa da wake da albasa da nama. Ka san lokutansu: kada ka zo da kaya kana buga ham da sassafe ko gab da magariba, lokacin suna ɗakin addu'a, ba wanda zai fito. Tsakiyar safiya ta fi. Mahauta su riƙe cewa 'yan Katolika ba sa cin nama ranar Larabar da azuminsu ke farawa da kuma Juma'o'in cikinsa, kifi ke tafiya a lokacin. Ista da Kirsimeti da bikin naɗin sababbin su Fada kuwa, nan ake neman sa da rago da zabi.

In lokacin salla ya riske ka a ciki fa? Ka tambaya. Kada ka shimfiɗa buzu a gaban kogon Maryamu ko a barandar ɗakin addu'a don ka ga wurin da tsabta da inuwa. Ga mutum-mutumi a gabanka, kai ma ba za ka so ba, su ma zai ɗaure musu kai. Ka ce a nuna maka gefe, a ba ka ruwa. A Tamale, inda leburori da magina da direbobi yawanci Musulmi ne, wannan roƙo ba baƙo ba ne a kunnen kowa. Kada kuma ka ɗebi ruwan bakin ƙofar nan ka yi alwala.

Su ma muna da roƙo a wurinsu, tunda mun san wasunsu na jin wannan shiri. A sa alama a gefen da ba shinge, ko da fenti ne a jikin itace. A koya wa masu gadi su tambaya kafin su yi kururuwa. In ana koya wa ɗalibai darasin Musulunci da zama da maƙwabta, a gayyato Arɗo ko sarkin zango ya zauna da su ko da yini guda ne, su ji daga bakinsa yadda burtali ke toshewa da yadda mashaya ke zama gona. Tun 1965 babban taron Katolika na Vatican ya fitar da takardar da ta ce cocinsu na kallon Musulmi da girmamawa. Muna so mu ga wannan a bakin rijiya.

Wani zai tambaya, shin girmama wurin ibadar wani ba yarda da addininsa ba ne? Ku tambayi malamanku. Za su gaya muku cewa a cikin Suratul Hajji, aya ta 40, an ambaci ɗakunan ruhubanawa da coci-coci da wuraren ibadar Yahudu tare da masallatai, a matsayin wuraren da Allah ya kare daga rushewa. Za su gaya muku wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, cewa a ƙyale masu ibada a ɗakunansu. Za su tuna muku cewa hijirar farko wurin Najashi, sarkin Habasha Kirista, aka yi ta. A nan Gana ma mun gani da idonmu: a Afrilun 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara ɗari, ya je cocin Christ the King a Akra ranar Ista ya zauna aka gaisa. Ya fito da rawaninsa da carbinsa da addininsa, babu abin da ya ragu.

Kafin in rufe, ku lura da wani abu a Malshegu ɗin nan. A ƙauyen akwai wani ɗan kurmi da Dagomba masu bin al'adar gargajiya suka keɓe tun kaka da kakanni, ba a saran itace, ba a sa wuta, ba a shiga da dabba. Makiyayan da suka daɗe a yankin sun san shi, suna kauce masa, ba don sun yi imani da abin da ke ciki ba, sai don sun san zaman lafiyarsu da masu ƙasa ya rataya a kan haka. To abin da kuka iya yi wa kurmi, ku yi wa kogon duwatsu da ƙananan gicciye. Ilimin ɗaya ne, kuma kun riga kuna da shi.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman yaran da ke bin shanu, domin su ne a gaba. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.